3.4 Haruffan Lokaci na Ingilishi da Matsalolinsu ga Ɗaliban Tambuwal da Kebbe

3.4.1 Shimfiɗa

Abin da ake nufi da haruffan lokaci a wannan nazari shi ne ƙananan kalmomin da ke zuwa kafin suna domin nuna lokacin da wani abu ya auku, ko tsawon lokacin da ya ɗauka. Waɗanda aka fi cin karo da su a Ingilishi su ne at, on, in, since, for, by da until.

Ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe suna kudancin Jihar Sakkwato ne, kuma Hausa ce harshen kasuwa da na hulɗar yau da kullum a cikinsu. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa, daga baya a koma ga Ingilishi. Ke nan kafin ɗalibi ya san waɗannan haruffa, ya riga ya iya lissafin lokaci da Hausa, kuma da wannan ma'auni yake auna Ingilishi. Illar hakan takan bayyana a jarrabawar WAEC da NECO, inda rashin kiredit a Ingilishi kan hana ɗalibi shiga jami'a.

3.4.2 At, On da In

Tushen matsalar shi ne harafin "da" na Hausa yana ɗaukar aikin da Ingilishi ya rarraba. Dubi waɗannan misalai:

1. da ƙarfe uku: at three o'clock
2. da safe: in the morning
3. da dare: at night
4. da damina: in the rainy season

Ko a Sakkwatanci, inda ake cewa "da ƙarhe ukku" da "da sahe", harafin bai sauya ba. Saboda haka ɗalibi yakan zaɓi harafi ɗaya na Ingilishi ya dinga liƙa shi ko'ina, har a sami jimla kamar *He came at the morning. Alamar tauraro tana nuna jimlar ba karɓaɓɓiya ba ce.

Ƙa'idar ita ce a dubi faɗin lokacin. At na tafiya da ƙayyadadden lokaci na agogo, on na tafiya da rana ko kwanan wata, in kuwa na tafiya da wata ko shekara ko yanayi ko sashen yini, in ban da at night. Tarihin jihohin da aka cire daga Sakkwato ya isa misali:

5. Kebbi State was created on 27 August 1991.
6. Zamfara State was created in 1996.

A jimla ta 5 an ambaci rana, a ta 6 kuwa shekara kaɗai. Haka kuma idan rana ta haɗu da sashen yini, ranar ce ke rinjaye, sai a ce on Monday morning. Idan next, last, this ko every suka gabaci sunan lokaci, ba a sa harafi ko kaɗan. Don haka "a makon jiya" last week ne kawai.

3.4.3 Since da For

Since daidai yake da "tun", wato yana nuna mafarin abin da har yanzu bai ƙare ba. For kuwa adadin lokacin yake nunawa, kuma sau da yawa Hausa ba ta sa masa harafi: "ya yi shekara takwas yana mulki". Da yake ɗalibi bai ga abin da zai fassara ba, sai ya aro since ya ce *since eight years. Alal misali, Aminu Waziri Tambuwal ya riƙe kujerar gwamnan Jihar Sakkwato daga 2015 zuwa 2023:

7. He was governor for eight years.
8. He was governor from 2015 to 2023.

Ba za a yi amfani da since a nan ba, domin wa'adin ya ƙare. Wanda kuwa ya zauna Kebbe tun 2015 kuma har yanzu yana can, shi ake cewa He has lived in Kebbe since 2015.

3.4.4 By da Until

Until na nufin aiki ya ci gaba har zuwa wani lokaci. By kuwa iyaka yake sanyawa, wato kada a wuce lokacin. A Nijeriya an saba rubuta by 10 a.m. a katin gayyata alhali at 10 a.m. ake nufi, kuma ɗalibai kan ɗauki wannan a matsayin daidai. Idan sanarwa ta ce Pay your fees by Friday, ana iya biya tun Litinin, amma wanda ya kai Asabar ya makara.

Akwai kuma wani tarko da ya shafi al'ada. A lissafin Musulunci dare ne ke gabatar yini, saboda haka "daren Juma'a" shi ne daren da ke biyo bayan yinin Alhamis. A Ingilishi wannan on Thursday night ne. Ɗalibin da ya rubuta on Friday night ya sami harafin daidai, amma ya jinkirta alƙawarinsa da kwana guda.

3.4.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa kurakuran nan suna da tsari, domin yawancinsu daga Hausa suka samo asali. Haddace jerin haruffa ba ya magance su. Abin da ya fi dacewa shi ne malami ya rubuta jimlar Hausa a allo, ya tambayi ɗalibai ko lokacin na agogo ne, ko rana, ko wata, ko adadi, ko iyaka, sannan a zaɓi harafin da ya dace.