DAKOTA: TSOHON JIRGIN YAƘI DA YA ƘI KWANCIYA

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. A watan Yuni na shekara ta 2019, dubban jama'a sun taru a arewacin Faransa, kowa ya ɗaga kai sama, domin kallon wasu tsofaffin jirage sama da 20 da suka taso daga Ingila suka ƙetare teku zuwa Normandi. Guda 15 daga cikinsu tun daga Amurka suka fito, zango-zango, ta Kanada da Girinlan da Aisilan. Dukkansu iri ɗaya ne: DC-3, wanda soja ke kira C-47, mutanen Ingila kuma suka raɗa masa suna Dakota. Ga Turawa, wannan jirgi abin tuna yaƙi ne. Ga dattawan ƙasarmu kuwa, shi ne ya fara rage masu nisan Yamai.

Asalinsa

Kamfanin Douglas na jihar Kalifoniya ne ya ƙera shi, ya kuwa fara tashi ran 17 ga watan Disamba 1935. Don fasinja aka yi shi, ba don yaƙi ba. Inji biyu gare shi, kowane da ƙarfin doki 1.200, yana ɗaukar mutum 21 zuwa 32, gudunsa kuma wajen kilomita 300 a awa. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, sai aka cire kujerun, aka ƙarfafa daɓen, aka faɗaɗa ƙofar, ya koma jakin soja. Irin na soja kaɗai an ƙera sama da 10.000, in aka haɗa da waɗanda Rasha da Japan suka yi, lissafi ya zarce 16.000.

Daren 6 ga watan Yuni 1944, Dakota sama da 800 suka zuba sojan laima na Amurka wajen 13.000 a bayan dagar Jamusawa a Normandi. Janar Eisenhower da kansa ya lissafa shi cikin kayan aikin da suka ci yaƙin, alhali kuwa jirgi ne na dako, ba na kai hari ba.

Inda tarihinsa ya taɓa mu

Yaƙin bai tsaya Turai ba. Daga 1940 zuwa 1943, jiragen yaƙi sama da 5.000 aka sauke cikin akwatuna a Takoradi, ta ƙasar Gana ta yau, aka harhaɗa su, suka tashi zuwa Masar ta Ikko, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy, Alfashir da Khartum. Hanyar ta kewaye Nijar, domin har ƙarshen 1942 ƙasarmu tana hannun gwamnatin Vichy, alhali Cadi ta bi Janar de Gaulle tun watan Agusta 1940. Daga 1941, DC-3 na kamfanin Pan American suka shiga jigilar kaya da matuƙa a kan wannan hanya.

Can ƙasar Bama kuma, a 1944, runduna ta 81 ta sojan Afirka ta Yamma, wadda Hausawa ke da yawa a cikinta, ta kutsa kwarin Kaladan, cikin kurmin da mota ba ta shiga. Abincinsu da harsashinsu da maganinsu daga sama ake jefo masu, Dakota ne kuwa ke jefowa. Ƙarar da ake biyan kuɗi a saurara yau a Turai, ga waɗancan mazaje alama ce ta cewa tukunya za ta hau murhu.

Daga fagen fama zuwa jan ƙasa

Da aka gama yaƙi, Amurka ta yi gwanjon dubbansu da araha, kamfanoni suka yi wawa, suka baza su ko'ina cikin Afirka. Dalilin karɓuwarsa a fili yake: ba ya neman kwalta. Fili na jan ƙasa ya ishe shi sauka, gyaransa kuma bai fi ƙarfin gwanin maƙanike ba. Bayan samun mulkin kai, rundunar sojan samanmu da irinsa ta soma aiki. Kamfanin Air Niger, da aka kafa a 1966, shi ma da shi ya riƙa haɗa Yamai da Tawa, Agadas, Maraɗi da Damagaram.

Sai an tuna yadda hanya take a lokacin sannan a san darajar abin. Tsakanin Yamai da Damagaram wajen kilomita 900 ne, kwalta ba ta game ba, da damina kuwa babbar mota takan kwana ta wuni a bakin gulbi. Tafiyar kwanaki jirgin ya mai da ta awoyi kaɗan. Ma'aikacin da aka kira babban birni, ɗan makarantar da zai koma karatu, majinyacin da asibitin jaha ya kasa, wasiƙa da jarida da magani, duk sun shiga cikinsa.

Abin da waɗanda suka shiga ba su manta ba

In hira ta yi daɗi tsakanin tsofaffin ma'aikata da alhazan kasuwa, abu na fari da suke ambata shi ne hawan tudu. Ƙaramar ƙafar jirgin a wutsiya take, don haka in yana tsaye hancinsa na sama. Mutum ya shiga ta ƙofar baya, sai ya yi ta haurawa kafin ya kai kujerarsa, yana dafe da babbar riga. Sannan injin dama ko na hagu ya yi tari, ya fesa farin hayaƙi, farfela ta kama, jirgi duka ya ɗauki karkarwa. Daga nan hira ta ƙare, sai ishara da tasbihi.

Abu na biyu shi ne girgiza. Ba a matse iskar cikinsa kamar jiragen zamani, shi ya sa galibi bai wuce mita 3.000 a sama. Da bazara, in rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi takan taso ta ɗaga shi ta sake shi, hanjin fasinja ya kaɗa. Saboda haka masu wayo sun fi son tashin asuba. Amma rashin nisan nan shi ne daɗinsa: ta taga ana ganin rijiya da garken da ya kewaye ta, ana ganin rumbuna, da ayarin raƙuma, da gonakin hatsi. Mutane da yawa a cikin Dakota suka fara ganin ƙasarsu da idanunsu, ba a taswirar makaranta ba.

Ba a ce bai taɓa ba da tsoro ba. A 1977, ɗaya ya tashi daga Tawa, inji ya mutu, tilas matuƙi ya sauke shi a daji. Jirgin bai sake tashi ba, amma mutum 21 da ke ciki duk sun tsira da rayukansu.

Masu riƙon amana

A Turai da Amurka, ƙungiyoyin masu sha'awa ne ke raya waɗannan jirage da gudummawa da aikin sa kai. A Faransa, kowace shekara jama'a kan yi dafifi zuwa La Ferté-Alais, kudu da Paris, domin kallon tsofaffin jirage na shawagi. Jirgin da ya ja ayarin daren Normandi, mai laƙabi «That's All, Brother», a 2015 labarinsa ya fito: yana yashe a harabar wani kamfani a garin Oshkosh, ana shirin sāke masa kama. Aka tara kuɗi aka fanshe shi, ya sake tashi a 2018, ya kuma koma Normandi a 2019 da 2024. Wannan kamfanin, Basler, sababbin injuna yake sa wa tsofaffin Dakota. Sojan Mali da na Muritaniya sun yi aiki da irinsu. Ɗan kasuwa zai gane darasin: kayan da ke gyaruwa ya fi kayan da ke ƙyalli.

To mu fa? Air Niger ya rushe. Matuƙa da masu gyara da fasinjojin wancan zamani, wanda ke raye cikinsu ya manyanta. Tsare jirgi mai tashi sai mai hali, amma naɗar murya ba ta da tsada. A Yamai akwai cibiyar CELHTO, wadda aikinta ke nan tattara tarihin baka. Akwai gidan tarihi na Bubu Hama. Akwai gidajen rediyo a kowace jaha. A gidaje kuma akwai hotuna da tsofaffin takardun tafiya cikin adaka, gara na jiransu. Wanda ke da uba ko kaka da ya taɓa hawa wancan tudun, ya zauna gabansa ya tambaye shi tun yana iya ba da amsa.