Manhajar Gargaɗin Sanƙarau a Sakasaka

Unguwar Sakasaka da ke birnin Tamale na ƙasar Gana tana cikin zirin sanƙarau, wato jerin ƙasashen da suka miƙe daga Sanagal zuwa Habasha, inda ƙurar hunturu da zafin bazara ke busar da maƙogwaro har ƙwayar cutar ta sami kafar shiga jini. Manhajar gargaɗi, wato ɗan tsarin da ake ɗorawa a wayar hannu, aikinta ƙidaya ne: ma'aikacin lafiya yana shigar da duk wanda ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya, ita kuma tana gwada jimillar mako da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya ɗauki mutum 3 cikin 100,000 a matsayin matakin faɗakarwa, 10 kuma matakin annoba.

Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Gana ke tattara alƙalumanta a rumbun DHIMS2, saboda haka wajibi ne sabuwar manhaja ta riƙa zuba nata a can, ta kuma yi aiki ko babu intanet. Mafi muhimmanci, gargaɗin ya isa ga iyaye da murya, cikin Dagbanci da Hausa, domin ba kowa ke karanta saƙon waya ba.