Man Gyaɗa a Abincin Ragon Turke

Yau zancenmu na ɗan ragon nan ne da kika ɗaure a turke, wanda maigida ko yaro zai ja zuwa kasuwar Illela ran Lahadi in layya ta gabato. Masu saye, na gida da na Ƙonni, hannu suke ɗorawa a gadon bayansa su ji tsoka. Shi ya sa wasunmu ke tuttula masa man gyaɗa a dusa don ya yi saurin cika. To, man yana aiki, amma yana da iyaka.

Mai ya fi hatsi ƙarfi fiye da ninki biyu in an auna su nauyi ɗaya. Ɗan kaɗan a abinci yana taimaka wa rago ya yi ƙiba, gashinsa ya yi sheƙi, kuma yana kwantar da ƙurar dusa.

Sai dai cikin rago ba irin namu ba ne. A tumbinsa akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke narka masa harawa da kowa da tattaka. Idan mai ya yi yawa sai ya lulluɓe ciyawar, ya kuma kashe wasu daga cikin halittun. Abinci ya zauna a tumbi bai narke ba, rago ya rage ci, kashinsa ya yi ruwa. Kin kashe kuɗin mai, ga rago yana ramewa. Masana kiwo sun ce kada maiƙon da ke cikin abincinsa duka ya wuce kashi 6 cikin 100, ga shi dusa da ciyawa ma suna da nasu. Don haka ragon da ke cin kamar kilo 1 na busasshen abinci a yini, cokalin cin abinci 2 na mai ya ishe shi. Ki fara da rabin cokali, ki riƙa ƙarawa a hankali cikin mako 2, ki murtsuke shi da dusa sosai.

Ni kam a ganina, wadda ke matsar man gyaɗa a gida ba ta buƙatar taɓa kwalbarta. Tunkuza tana da sauran mai a jikinta, ga kuma sinadarin gina jiki wanda man zalla ba ya da shi. Ɗan dunƙule a marmashe cikin dusa ya wadatar, man kuwa ki sayar abinki. Amma wadda ta yi funfuna, a zubar, guba ce. Haka man da aka yi ta suya da shi har ya yi baƙi.

Ɗan da ke shan nono, wanda bai kai wata 2 ba, a bar shi, tumbinsa bai ƙosa ba. Angurya ma kada a ba shi, tana da dafin da ke cutar da ƙanana.

Akwai masu ɗura wa rago mai in cikinsa ya kumbura. Yana saukar da kumburi mai kumfa, gaskiya ne, amma in ya sarƙe ya shiga huhu, ragon na iya mutuwa. Ta gefen baki ake zubawa kaɗan-kaɗan, ba a ɗaga kansa sama, sannan a aika yaro ya kira malamin dabbobi.