Aikin da Ba Shi da Lokacin Tashi: Uwa Mai Zaman Gida da Rainon Ƙananan Yara

A ƙasar Hausa, idan aka tambayi magidanci sana'ar matarsa, sau da yawa amsar da yake bayarwa ita ce "ba ta aiki, tana gida", kuma ita kanta matar haka take faɗa idan ma'aikaciyar asibiti ta tambaye ta wajen yankar kati. Wannan amsa, ko da yake ba da nufin raini ake yin ta ba, tana lulluɓe wani aiki mai nauyi wanda ake fara shi tun assalatu, ba a kuma ajiye shi sai bayan kowa ya yi barci, wato rainon ƙananan yara tare da tafiyar da gida. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2018 cewa mata ne ke yin fiye da kashi uku cikin huɗu na aikin kula da iyali wanda ba a biyan kuɗi a kansa a faɗin duniya, kuma uwar da ke tsakar gida a Kano ko Maraɗi tana cikin wannan lissafi ko da ba ta taɓa jin labarinsa ba.

Wunin irin wannan uwa yakan fara da hura wuta da ɗora ruwan wanka, sannan ta dama koko ko ta ɗumama tuwon jiya, ta wanke 'yan makaranta ta shirya su, duk wannan kuwa da jariri a bayanta, ɗaure da zani da majanyi, wato ɗan ƙyallen da ake ƙara ɗaurewa a kan zanin goyo domin kada ya kwance. Bayan gari ya waye sai wanke-wanke da shara da wankin kayan da yaro ya ɓata da dare, da jiran mai garuwa idan famfo bai kawo ruwa ba. Wahalar wannan aiki tana cikin yadda ba a yin sa a zama ɗaya, domin tana tsaka da tsintar shinkafa mai rarrafe zai doshi murhu, tana janye shi ɗan shekara uku zai leƙa bakin rijiya ko ya ɗauki gorar kananzir yana tsammanin ruwa ne, kafin ta raba shi da ita jaririn ya farka yana neman nono. Hannunta yana kan aiki ɗaya, idonta yana kan yaro, kunnenta kuma yana kan tukunya, haka za ta wuni har a ɗora sanwar dare.

Al'adar Hausawa ta daɗe da gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa ta kewaye sabuwar uwa da mataimaka tun daga ranar haihuwa. A cikin kwana arba'in na jego, wato lokacin da mace take murmurewa bayan haihuwa, wata dattijuwa kan tare a gidan domin yi mata wanka da kula da jariri, idan kuwa haihuwar fari ce sau da yawa gidan iyayenta take komawa, abin da ake kira wankan gida. Wasu sassan wannan al'ada suna buƙatar gyara, domin likitocin da suka yi bincike a Zariya a shekarun 1970 sun danganta yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego da shan kunun kanwa da yawa da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Amma tushen al'adar, wato a sauke wa mai jego aiki har ta dawo cikin ƙarfinta, hikima ce da ta cancanci a riƙe ta.

A babban gida, inda kaka da goggo da faccaloli, wato matan 'yan'uwa maza, suke zaune a tsakar gida ɗaya, rainon yaro bai taɓa zama na mahaifiyarsa ita kaɗai ba. Idan tana daka wata ta karɓi goyon, idan ba ranar girkinta ba ce ta sami sararin hutawa, idan lokacin yaye ya yi, wanda yawanci kan kusanci shekara biyu, sai a kai yaron ɗakin kaka ya yi kwanaki har ya manta da nono. Kunyar ɗan fari, wadda ke hana uwa kiran sunan ɗanta na farko ko nuna masa so a bainar jama'a, ita ma takan miƙa yaron hannun kakanni. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ba ta haifi ɗa ko ɗaya ba, amma ta raini 'ya'yan dangi ta hanyar riƙo har suka girma, abin da ke nuna cewa maganar "ɗa na kowa ne" aiki ake yi da ita a zahiri.

Haka kuma zaman gida bai hana mata neman na kansu ba. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta kira kasuwancin matan kulle ɓoyayyen ciniki a wani rubutu da ta yi a 1969, saboda ana yin sa ne daga gida zuwa gida ba tare da ya bayyana a kasuwa ba, Enid Schildkrout kuma ta nuna a binciken da ta yi a Kano a shekarun 1970 cewa yara ne ƙafafun wannan ciniki, su ke kai saƙo, su ke talla, su ke dawo da kuɗi. Da ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ɗanwake da kitso da ɗinkin hula uwa take zubin adashi, ta sayi sabulu da maganin zazzaɓi, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki. Illar wannan tsari ita ce yarinyar da ke ɗauke da farantin talla ba ta cikin aji, shi ya sa cinikin da mata da yawa suke yi yanzu ta WhatsApp, inda mai saye kan turo kuɗi ta banki ɗan aike ya kai kaya, yake iya zama sauƙi ga uwa da 'yarta baki ɗaya.

Uwa ce kuma take fara gane rashin lafiyar yaro, domin ita ce ke lura da ranar da ya ƙi nono ko jikinsa ya yi ɗumi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nono zalla, ba ruwa ba kunu, har wata 6, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Akwai allurar rigakafi da ake yi bayan haihuwa, da ta mako 6 da 10 da 14, da ta ƙyanda a wata 9, akwai ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa, akwai kwana cikin gidan sauro musamman da damina. Sai dai saninta ba zai amfanar ba idan izinin fita da kuɗin mota suna hannun maigidan da ya tafi kasuwa, don haka gidan da aka yi yarjejeniya tun farko cewa yaro mai zazzaɓi asibiti ake kai shi ba tare da jira ba, ya rufe ƙofar asara mai yawa.

A wannan tsakar gida ne kuma yaro yake koyon harshe da ladabi, ya iya gaisuwa da durƙusawa, da yin bisimilla da cin abinci da hannun dama, tun kafin a kai shi makarantar allo, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da hirar da uwa take yi da jariri tana masa wanka su ne darasinsa na farko, kuma wayar hannu ba ta maye gurbinsu, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce kada a ajiye yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon waya ko talabijin, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Abin da ya sauya a yau shi ne mataimakan sun ragu alhali aikin yana nan yadda yake. Ma'aurata da yawa a birane suna zaune a gidan haya nesa da dangi, inda uwa ke wuni da yara uku ba ta yi magana da babba ko ɗaya ba, kuma irin wannan kaɗaici da ƙarancin barci suna iya jawo ciwon damuwa bayan haihuwa, wanda cuta ce da ake magani, ba raki ba ne. Gurbin da kaka da faccala suka bari maigida ne ya fi kusa da cike shi, kuma yana da abin koyi, domin ya tabbata daga Nana A'isha cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida. Magidancin da ya dawo da yamma ya karɓi mai kuka domin matarsa ta yi sallah cikin natsuwa, ya raka yaro rigakafi, ya ce mata "sannu da aiki" da gaske, shi ne zai fi kowa sanin amsar da ta dace ranar da aka sake tambayarsa sana'ar matarsa.