Ko Kun Sani? Na'ura Da Dillalin Sabo

Ko kun san tun Disambar 2013 manhajar Google Translate ke fassara Hausa da Yarbanci? Sai dai ba ji take yi ba, kalmomi take haɗawa bisa abin da ta saba gani a rubuce. A 1980 masanin falsafa John Searle na Amurka ya kwatanta kwamfuta da mutumin da ke jera rubutun Sinanci da littafin ƙa'idoji, alhali ko kalma ɗaya bai sani ba.

Dillali kuwa ba kamar na'ura ba ne. A Sabo, unguwar Hausawan Ibadan tun 1916, a da dillalin shanu kan tsaya tsakanin falke da mahauci Bayarabe. In mahauci ya ce "gobe zan biya," dillali ya san ko goben za ta zo, domin ya san gidansa, ya kuma san yadda ya biya bashin bara.