Makoɗin Lu'ulu'u a Shagunan Ƙarfe na Baguida

Garin Baguida, wanda a cikinsa wakilin Jamus Gustav Nachtigal ya ƙulla yarjejeniyar da ta shigar da Togo hannun Jamus a shekarar 1884, a yau ya haɗe da birnin Lome ta gabas, a kan hanyar bakin teku da ta wuce tashar jiragen ruwa ta nufi Aneho. Tashar nan, wadda aka buɗe a 1968, ita ce ke sauke tsofaffin motocin da ake kaiwa Nijar da Burkina Faso da Mali, cinikin da Hausawan zango ke da hannu a ciki, kuma duk inda tsohuwar mota ta yawaita, aikin mai walda da bakanike da mai gyaran inji ba ya yankewa. A kusan kowane shagon irin waɗannan masu sana'a akwai dutsen washi mai juyawa da lantarki, amma ƙaramin ƙarfen da ke raya dutsen, wato makoɗi mai bakin lu'ulu'u, ba kowa ya san shi ba.

Shi dutsen washin na zamani haɗa shi ake yi a masana'anta, daga ƙananan ƙwayoyi masu tsananin tauri waɗanda ake cakuɗawa da wani abin ɗauri mai kama da yumɓu, a gasa har su kame wuri guda. Kowace ƙwaya tamkar ɗan haƙori ce da ke yankar ƙarfe, saboda haka idan aiki ya yi yawa haƙoran sukan dakushe, garin ƙarfe ya toshe ramukan da ke tsakaninsu, fuskar dutsen ta yi santsi tana sheƙi. Daga nan dutsen ya daina ci sai guga, ƙarfe ya yi zafi ya sauya launi zuwa shuɗi, bakin da aka sha wahala wajen ƙarfafa shi ya yi laushi. Wannan ciwo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin matan da suka yi niƙa a kan dutse sun san cewa idan dutsen niƙa ya yi santsi sai an koɗa shi, kuma aikin da makoɗi ke yi a tsakar gida shi ne lu'ulu'u ke yi a shago.

Kayan aikin kansa ba shi da wani kwarjini a ido: ɗan sandan ƙarfe ne mai tsawon yatsa, an dasa ƙwayar lu'ulu'u a bakinsa, wadda sau da yawa ba ta wuce karat ɗaya ba, alhali karat kashi ɗaya ne cikin biyar na giram. Dalilin zaɓen lu'ulu'u shi ne tauri, domin a ma'aunin da Friedrich Mohs ya tsara a 1812 lu'ulu'u ne ke kan mataki na 10, ƙwayoyin da aka fi yin dutsen washi da su kuwa suna mataki na 9. Aiki biyu yake yi. Na farko kankare dakusassun ƙwayoyi da dattin ƙarfe don sabbin haƙora su fito. Na biyu daidaita dutsen da ya cinye ta gefe guda, ya mai da shi kewayayye sosai, ya daina rawa da jijjiga.

Aiki na biyun ne ya fi nauyi a wurin masu gyaran karanshaf, wato sandar da ke juyawa a cikin injin mota. Idan wuyanta ya goge, akan rage shi da 0.25 na milimita ko ninkinsa a sa masa maɗauri mai kauri daidai da ragin, kuma dutsen da bai daidaita ba zai bar tudu da kwari waɗanda ido ba ya gani amma inji ya san da su bayan 'yan watanni. Da makoɗin ne kuma ake zana wa gefen dutsen ɗan lanƙwasar da za ta fito a kusurwar wuyan sandar, wurin da karaya ta fi farawa idan an bar shi da kaifi.

Duk da taurinsa, lu'ulu'u yana da rauni, kuma a nan ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. Akan karkata sandan makoɗin da digiri 10 zuwa 15 ta wajen da dutsen ke juyawa, a ci abin da bai wuce 0.02 zuwa 0.03 na milimita ba a kowane wucewa, a riƙa juya sandan lokaci-lokaci don kada baki guda ya baje. Zafi ne babban makashinsa, tunda asalinsa gawayi ne da ya daskare, kuma yana fara lalacewa a iska idan zafi ya kai wajen digiri 700 zuwa 800. Wanda ya bari ya yi jawur sannan ya watsa masa ruwa, ya fasa shi da hannunsa. Mai wasa adda ko fartanya ba ya bukatar wannan tsada, makoɗi mai taurarin ƙarfe ya ishe shi.

A yau akwai kuma lu'ulu'un masana'anta, wanda kamfanin General Electric na Amurka ya yi nasarar haɗawa a ƙarshen 1954. Kafin nan sai wanda aka haƙo, irin ƙananan duwatsun kwarin Birim da Akwatia a Ghana, maƙwabciyar Togo, inda aka gano lu'ulu'u a 1919, kuma mafi yawansa na aikin masana'anta ne, bai dace da zoben amarya ba.