TSOHUWAR KATREL: MAI SON TADA TA A GIDA YA FARA DAGA ƘASA

A unguwannin Yamai, Maraɗi ko Damagaram, ba abin mamaki ba ne mutum ya leƙa wani gida ya tarar da tsohuwar mota a ɗage kan tubala, ƙura ta rufe ta, kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Sau da yawa ta mahaifi ce ko ta kaka, an kasa sayarwa don ƙauna, an kuma kasa gyarawa don tsoron abin da za ta ci. A wannan wata mun ga ya dace mu tattauna da masu karatu a kan ɗaya daga cikin irin waɗannan motoci, wato Renault 4, wadda kowa ya fi sani da Katrel, da kuma abin da ke jiran duk wanda ya ɗaura niyyar tada ta da hannunsa a tsakar gida.

Kamfanin Renault na ƙasar Faransa ya fito da ita a shekarar 1961. Shugaban kamfanin na lokacin, Pierre Dreyfus, ya nemi a yi masa mota mai kama da wandon jins: ta shiga birni, ta shiga ƙauye, attajiri ya hau, talaka ya hau. Abin da ya bambanta ta da motocin zamaninta shi ne ƙofa ta biyar, wadda ke baya tana ɗagawa sama, ga kuma daɓen ciki a shimfiɗe, ta yadda buhun hatsi ko keken ɗinki zai shiga ba tare da wahala ba. Kafin a daina ƙera ta a farkon shekarun 1990, an yi fiye da miliyan 8, kuma har a Afirka an harhaɗa ta, a Maroko da Madagaska.

Ƙasar Nijar ma tana cikin tarihinta. Tseren Paris-Dakar na farko, wanda ya tashi a ƙarshen Disamban 1978, ya bi ta Agadas da Yamai. A cikinsa wasu ƴan'uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, sun shiga da Katrel wadda kamfanin Sinpar ya mayar mai ja da ƙafa huɗu, suka zo na biyu a cikin motoci, a bayan Range Rover. A 1980 suka dawo suka zo na uku. Ƴar ƙaramar mota ce mai nauyin kilo 700 ko kusa da haka, amma ta ba manya kunya a cikin rairayi.

Kafin a taɓa sifana

Maganar farko ba ta ƙarfe ba ce, ta takarda ce da ta dangi. In motar ta marigayi ce, to dukiyar gado ce, ko da kuwa ta shekara ashirin tana ruɓewa ba wanda ya kalle ta. Ranar da ta fito tana ƙyalli, ranar kowa zai tuna yana da rabo a ciki. Don haka a zauna da magada tun da wuri, a yi mata kuɗi yadda take a yanzu, a rubuta, a sa shaidu. Bayan haka a nemo takardar mallakar motar, a gwada lambar da ke jikinta da wadda ke kan ƴan farantan ƙarfen da kamfani ya manna a ɗakin inji. Motar da lambobinta ba su dace da takarda ba, ko ta yi kyan amarya, a gida za ta ƙare.

Lambar nan tana da wani amfani kuma, domin ita ke faɗin irin motar. Misali R1128 ita ce GTL, wadda ta fito a 1978 da inji mai cc 1108 da ƙarfin doki 34. Duk wanda zai sayi kayan gyara ba tare da sanin wannan ba, zai tara ƙarafan da ba su shiga motarsa.

Fenti ba shi ne gyara ba

Abin da muka fi gani shi ne mutum ya samu ɗan kuɗi, sai ya garzaya wurin mai fenti. A shafe ramuka da mastik, a fesa shuɗi ko ja, maƙwabta su zo su yi barka. Wannan kyan ɗan maciji ne. Katrel tana da wani gini da ya kamata a fahimta: gangar jikinta daban, shimfiɗar ƙarfen da ke ɗauke da ita daban, wato sasi, kusoshi ne suka haɗa su. Inji, akwatin giya, ƙafafu da tankin mai duk suna kan sasin. In shi ya ruɓe, babu mota, kome kyan abin da ke sama.

Wannan gini kuwa alheri ne ga mai aiki a gida. In an cire kujeru, ƙofofi, wayoyi da sandar sitiyari, aka kwance kusoshin, ƙarti huɗu ko biyar za su iya ɗaga gangar jikin su ajiye gefe. Sai ga sasi a fili, babu abin da ya ɓuya. Wurin da ya fi cin amana shi ne dogayen ƙarafa biyu na baya, inda hannuwan ƙafafun baya ke ɗaure. Laka na taruwa a wurin, tsatsa ta ci daga ciki, waje yana nuna lafiya. A sa guduma ƙarama a bubbuga, a soka sukundireba. Inda ya amsa da ƙara, lafiya. Inda ya yi shiru ko ya burma, sai an yanke an sa sabo. Ba a toshe irin wannan wuri da mastik ko da gwangwani, domin ranar da ya saki, ƙafar baya ce za ta gudu ta bar mota, wataƙila a kan hanyar Doso da iyali a ciki.

A nan mu mutanen Sahel muna da sa'a a kan Turawa. A Faransa ana zuba gishiri a kan hanya lokacin ƙanƙara, shi ya sa masu tada Katrel a can rabin aikinsu yaƙi ne da tsatsa, har akwai masu sayar da sabon sasi dungum. Motar da ta yi rayuwarta a Tawa ko Agadas sau da yawa ƙarfenta garau yake. Amma a yi hattara da wadda aka shigo da ita daga Turai bayan ta tsufa, ta tashar jiragen ruwan Kwatano ko Lome, ko ta hamada a shekarun da Turawa ke tuƙo tsofaffin motoci ta Tamanrasset da Arlit su sayar. Irin wannan ta iya zuwa da cutarta a ciki.

Abin da fari ya bari, rana ta cinye. Duk wani roba da ke jikin motar da ta daɗe a ajiye a wurinmu, a ɗauka ya mutu: tiyon ruwa, tiyon mai, robar gilashi, da robobin da ke rufe gaɓoɓin sandunan da ke juya ƙafafun gaba. Waɗannan na ƙarshe, in suka tsage, rairayi ya shiga ya gauraya da giris, ya zama tamkar dutsen niƙa. Ɓeraye kuma ba su raina waya.

Wani abu da zai iya ruɗa wanda bai sani ba: in aka auna tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya, za a ga gefe ɗaya ya fi ɗayan tsawo da santimita 4 zuwa 5. Ba hatsari ta yi ba, haka aka haife ta. Katrel ba ta da sifirin mai naɗi. Sandunan ƙarfe ne ke murɗewa su ɗauki nauyi, kuma na baya guda biyun a kwance suke a gicciye, ɗaya a gaban ɗaya. Kada a bar wani mai bugun ƙarfe ya ce zai “miƙe” ta. Sandunan nan kuma a ɗaure suke da ƙarfi ƙwarai. Wanda zai cire su ya yi musu alama tukuna, ya kuma nemi wanda ya taɓa yi, don suna iya karya yatsa.

Inji

Iri biyu ne. Akwai tsohon, wanda ake kira Billancourt, mai cc 747, 782 ko 845, akwai kuma Cléon mai cc 956 ko 1108. Na biyun ya fi sauƙin samun kaya, domin an yi ta ƙera danginsa daga 1962 har 2004, an sa shi a Renault 5, Renault 12, Express da Dacia ta ƙasar Romaniya. Saboda haka wani kan yi sha'awar cire tsohon ya dasa Cléon. To, a sani: injunan biyu ba gefe ɗaya suke juyawa ba, kuma kowane da akwatin giyar da aka shirya masa. Wanda ya haɗa Cléon da akwatin tsohon inji zai samu mota mai giya huɗu ta baya da guda ɗaya ta gaba. Abin dariya ne a baki, amma ba ga wanda ya biya kuɗin ba.

Injin da ya shekara goma bai tashi ba, ba a sa masa batir a murza makulli don a ji ko yana da rai. A cire buji, wanda ƴan Nijeriya ke kira fulogi, a ɗiga baƙin mai a kowane rami, a bar shi ya kwana biyu, sannan a juya a hankali da hannu. A zubar da tsohon mai, a wanke tanki, domin fetur da ya daɗe yakan koma kamar ƙaro ya toshe karbirato.

In ta kama sai an buɗe kan injin, ga inda ake yawan yin asara. Bututun da fistan ke hawa da sauka a ciki ba a manne suke da gangar injin ba. Zura su aka yi, ruwa na zagaye su, ƙasansu na zaune a kan wani siririn zobe. Idan aka fizgi kan injin sama kai tsaye, ko aka juya injin bayan an cire kan ba tare da an danne bututun ba, sai su ɗaga, zoben ya lalace, ruwa ya sauka cikin baƙin mai. Shi ya sa tsofaffin makanikai ke barin kusa ɗaya a sassauce, su goce kan injin gefe tukuna kafin su ɗaga. Irin wannan sani ba ya cikin na'urar da samarin garaji na yau ke liƙa wa mota ta faɗa musu ciwonta, kuma masu shi suna ta raguwa. Shawararmu ita ce a nemi ɗaya daga cikin dattawan nan, a ba shi kujera a inuwa da shayi, a biya shi haƙƙinsa, ko da ba zai taɓa sifana ba.

Ruwan sanyaya inji ma yana da magana. Katrel na cikin motocin farko da aka yi wa rufaffen tsarin ruwa, da ƴar kwalba a gefe inda ruwan ke komawa in ya yi zafi. Ruwan rijiya yana barin ƙasa-ƙasa da ke toshe hanyoyi, kuma kan injin na alminiyom ne, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi. A watan Afrilu kuwa kowa ya san yadda garinmu yake. A sayi ruwan da aka yi don wannan aiki.

Gida ba garaji ba ne

A garaji babu jariri mai rarrafe, babu akuya, babu murhu. A gida duk akwai. Man burki guba ne, kuma a kwalbar lemo aka fi zuba shi. Ruwan batir yana ƙona fata. Ba a shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, ko a kan tubalin siminti mai rami; a sa kututturen itace mai kauri. Ba a yin walda sai an sauke tanki an kai shi nesa, ko da babu ɗigon mai a ciki, domin tururin ne ke fashewa. Ƙurar da ke cikin gangar burki kuma kada a hura ta da baki ko da famfo: tsofaffin takalman burki na iya ƙunsar asbestos, wanda Faransa ba ta haramta ba sai a 1997, kuma yana kawo cutar huhu bayan shekaru. A jiƙa tsumma a goge.

Burkin kansa ba wurin tsimi ba ne. Yawancin Katrel ganga ce a ƙafa huɗu, sai na ƙarshe-ƙarshe ne suka zo da faifai a gaba. Man burki yana shan danshi, tukwanen da ke tura takalma su yi tsatsa su kafe. A sabunta su duka da tiyoyinsu, ko da za a jinkirta sayen rigar kujera har baɗi. Haka taya: wadda ta shekara goma sha biyar a rana, ko zanenta na nan daram, ba ta da sauran amana.

Sai maganar tsari, wadda ita ke kashe yawancin irin wannan aiki. Kwancewa kwana uku ne, mayarwa shekara. Kowace kusa a sa ta a leda, a rubuta inda ta fito. Kowace waya a liƙa mata takarda. Yanzu da kowa ke da wayar hannu mai ɗaukar hoto, a ɗauka kafin a kwance, a ɗauka bayan an kwance. A nemi akwati mai makulli, don yara na son ƙananan ƙarafa, masu sayen tsohon ƙarfe da ke zagaye unguwa sun fi su so. In damina ta kusa, kada a kankare fenti a bar ƙarfe tsirara; a kankare abin da za a iya shafa wa maganin tsatsa a ranar.

Kayan gyara ba su yi wuyar da ake zato ba. A Faransa motar na da masoya da yawa, ga kuma tseren 4L Trophy da ɗalibai ke yi zuwa Maroko tun ƙarshen shekarun 1990, wanda ya sa ana ci gaba da ƙera mata kaya sababbi. Ɗan'uwa mai dawowa hutu zai iya sako robobi da kayan karbirato a jakarsa. Manyan ƙarafa kuwa, sai a bi wuraren da ake farfasa tsofaffin motoci. Kamfanin ma ya dawo da sunan, da wata Renault 4 mai aiki da lantarki da ya nuna a Paris a 2024, sai dai ban da suna da ɗan kamannin fuska, ko kusa ɗaya ba ta haɗa su ba.

Ranar da injin ya tashi, a bar shi ya yi zafi a tsaye, ana duba ƙasa ko wani abu na ɗiga. Fitar farko a yi ta da sassafe, a hanyar da babu jama'a, mutum biyu kawai, da igiya da jarkar ruwa a baya. A gwada burki tun ana tafiyar ƙafa. Wanda bai saba ba zai ɗan yi lalube, don sandar giyar Katrel daga cikin allon gaba take fitowa kamar mariƙin lema, turawa ake yi ana jawowa. In an buɗe kan injin, bayan ƴan ɗaruruwan kilomita a sake ɗaure kusoshinsa, a daidaita bawul da injin a sanyaye. Daga nan ne za a je neman inshora da takardar duba lafiyar mota, sannan a yi maganar kalar fenti.